Rigar da Na Saƙa wa Ɗan Fari

Masu sayar da zare a kasuwarmu ta Madarumfa sun san ni, kuma ba su murna da ganina. In na doso rumfarsu da sandata sai ka ji ɗaya ya ce wa ɗan'uwanshi, "Ga mai ashana nan tafe." Ban damu ba. Ashanar tana ƙulle a gefen zanena, kuma ba ni da niyyar barinta gida. Kwanan baya jikata ta sauka, an sami ɗiya mace, na ce bari in saƙa wa jaririyar hula da safa kafin suna, tunda idona bai gama mutuwa ba. Rumfa huɗu na zagaya. Ko'ina zare ya cika tebur, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa da wani launi da ban san sunanshi ba, yana ƙyalli kamar an shafa mashi mai. Duk inda na tambaya, "Auduga ce?" sai a ce mani, "Auduga tsantsa, Kaka." A rumfa ta huɗu wani mai salula manne a kunne har rantsuwa ya yi mani, ya juya takardar da aka naɗe zaren da ita yana nuna mani rubutun Nasara, wai ga shi nan an rubuta. Na ce, "Ɗana, ni ban yi lakwal ba balle in karanta boko, amma ina da yatsu." Na murza zaren, na ji yana ƙiƙ-ƙiƙ kamar an taka leda. Na tsinki kamar tsawon ɗan yatsa, na ƙyasta ashana. Bakin zaren ya nannaɗe, ya yi baƙin hayaƙi mai wari, ya ɗiga ƙasa ya daskare kamar kwalta. Na ce mashi, "Ka taɓa ganin gonar da ke fidda wannan?" Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Kaka, wa ke duba wannan yanzu? Kowa shi yake saye." Wannan dariyar ce ta hana ni cin tuwo ranar. Ƙaryar da ya yi ba ta ƙona mani rai ba kamar yadda na ga ko kunyarta bai ji ba.

Yaran yanzu sun ɗauka zare cikin leda ake haihuwarshi. Mu da muka tashi lokacin da ake noman auduga a nan, mun san zare tun yana fure. Babu gidan da ba shi da 'yan kunyoyin auduga, ko a gefen gonar gero ko can fadama wajen tabki, inda yau babu komai sai albasa da tumatir da injin ban-ruwa mai ƙugi tun safe har yamma. Bayan girbi, in sanyi ya fara shigowa, sai ka ga wurin ya yi fari fat. Mukan fita da kwanduna da hantsi, bayan raɓa ta bushe, don audugar da aka tsinka da raɓa ba ta yin kirki. Daga nan aiki ya koma cikin gida. Da za a ɗaure mani ido a mai da ni unguwarmu ta wancan lokaci, da kunne kaɗai zan gaya maka inda rana take. Da safe ƙarar taɓarya. In rana ta ɗaga sai gurzar auduga, ƙarfe yana birgima bisa dutse, gurya tana faɗawa cikin ƙwarya ƙwas-ƙwas. Bayan azahar sai bakan shiɓa, tsirkiyarshi tana kuka tin-tin-tin daga wannan gida zuwa wancan kamar suna amsa wa juna, gashin auduga ya hau mamu gira ya hau kai, mu fito kamar tsofaffi muna atishawa. Da la'asar kuwa sai mazari, shi sai ka matsa kusa kake jinshi, wani ɗan zuuu kamar ƙudan zuma ya faɗa tulu. Yau ka zaga unguwar nan gida-gida, abin da za ka ji ƙugin baburan kabu-kabu ne da waƙar salula. Na taɓa tambayar 'yan matan gidanmu ko sun san mazari, ɗaya ta ce wai ko sunan magani ne.

Gwaggo ce ta riƙe ni, ƙanwar babana. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta ya rasu ta dawo gida, sai aka ba ta ni tun ina 'yar yaye. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, fara'arta ma sai an nema. Amma duk wanda ya san zare daga nan har Safo da Gabi ya san hannunta. Masaƙa kan jira nata ko da na wasu ya cika kasuwa, masuntan tabki kuma ba su son saƙa koma da zaren da ba ita ta tufka ba. Abin da na fi tunawa shi ne yadda take zaɓen auduga. Ba ta saye da ido. Takan zura hannu can ƙasan kwando, ta bar saman da mai kaya ya shimfiɗa mai kyau, ta ɗebo, ta ja tsakanin yatsu a hankali ta ga tsawon gashin. In gajere ne ta mayar. Ta matse a tafin hannu ta saki, in bai tashi ba ta ce ya sha ruwa. Ta kai hanci. Daga ƙarshe ta goga a wuya, inda fata ba ta da kauri, ta ce mani, "Abin da wuyanki bai yarda da shi ba, kar ki sa wa ɗan mutane." Akwai wani tsoho cikin Anna, masu bin al'adar kakanni, da ke kawo mata auduga daga wajen Gabi bisa jaki. Ba addininsu ɗaya ba, amma kwandonshi kaɗai ne ba ta zura wa hannu, ta ce nashi sama da ƙasa duk ɗaya ne. Shi bai taɓa yi mata rantsuwa ba, ita kuma ba ta taɓa nema ba. Yanzu mutum zai riƙe tasbaha a hannun dama, ya miƙo maka roba da hagu, ya kira sunan Allah a kai. Ban san lokacin da sunan Allah ya yi arha haka ba.

Ni kuwa ba ni da haƙuri, gara in faɗi gaskiya. Gurza da shiɓa na iya su, don aikin ƙarfi ne. Kaɗi ne ya gagare ni. Gwaggo kan zaunar da ni gefenta, ta tsoma yatsu cikin alli, ta murza mazari, zare ya riƙa fitowa daga auduga siriri kamar dama can yana ciki yana jiran a kira shi. Ni in na murza, nan kauri, nan siriri, can ya tsinke. Ta ɗan buge mani hannu da kara ta ce, "Ba ja ake yi ba, saki ake yi." Hankalina kuwa yana bakin tabki inda ƙawayena ke wanki suna waƙa. Da ta juya baya sai in sulale. Na ɗauka Gwaggo da mazarinta kullum suna nan, ranar da na ga dama in zo in koya.

Bayan an yi mani aure, a nan cikin gari amma wata unguwa, sai aka buɗe gidan koya wa mata sana'a, wanda muke kira fwaye. Wata madam ce ke koyarwa, mace mai kirki, ba ni da abin da zan ce a kanta. Wurinta na fara ganin saƙa da tsinkaye biyu, da kuma ta kwarashi. Abin ya shiga raina yadda kaɗi bai taɓa shiga ba. Tsinkayen ba su isa kowa ba, sai maƙeri ya gyara mani na ƙafar keke, ya goge bakinsu. Cikin wata kaɗan na wuce duk matan da muka fara tare. Na iya hula, na iya safa, na iya rigar sanyi mai hannu. Kaina ya kumbura. Na fara ganin mu ne masu sabon ilimi, su Gwaggo kuwa mutanen da ne.

Ana nan na haifi ɗan fari, namiji. Har yau ba ni faɗin sunanshi, ga shi da furfura, shi ne kakan jaririyar da na je nemar wa zare. Matan yanzu ba su san wannan kunyar ba, za ka ga yarinya ta rungume ɗanta na fari gaban surukai tana kiran sunanshi tana sumbatarshi. Mu a lokacinmu ko kallonshi ba ka yi gaban mutane. In yana kuka sai wata ta ɗauko ta miƙo, ka karɓa kana kau da kai kamar an ba ka ɗan baƙuwa. Ba don babu so ba. Son yana nan, yana cin mutum a ciki, babu ƙofar fita. Da ya isa yaye aka kai shi wurin Gwaggo, kamar yadda aka saba, kuma ya dace da shigowar sanyi. Ɗakina ya yi mani faɗi. Nono ya cika yana zogi. Ba ni da ikon in ce ina kewarshi, ba ni da ikon in je in ce na zo ganinshi. Abu ɗaya na ga zan iya yi ba a ce na yi rashin kunya ba: in saƙa mashi riga.

Gwaggo ta ji labari, don ba a ɓoye mata komai. Sai ga aike da dunƙulen abawa guda uku, zare mai kauri mai laushi da ta kaɗa da hannunta daga audugar tsohon nan na Gabi, ta tufka shi biyu don ya yi jiki. Launinshi kamar na nonon da ya kwana. Na tafi da shi fwaye ina murna. Ina fiddo shi sai wata cikin matan ta ce, "Wannan kuma fa? Bante za ki saƙa wa masunta?" Aka fashe da dariya. Su duk nasu daga kasuwa yake, mai launi, mai ƙyalli, sumul babu ƙulli. Na mai da abawar Gwaggo cikin zane kamar na sato ta. Ranar kasuwa na sai da 'yar gyaɗata na nufi wani mai tebur da ke zuwa da kayan ɗinki, dattijo mai gemu. Na ɗauki wani ja wur, na ji santsinshi ya yi mani yawa. Koyarwar Gwaggo ba ta gama fita jikina ba, sai na tambaye shi, "Baba, auduga ce? Ƙaramin yaro zan yi wa." Ya ce, "Ɗiyata, wallahi auduga ce, ta ƙasar Turawa, shi ya sa kika ji ta haka. Injin ne ya kaɗa ta, ba tsohuwa ba." Ban goga a wuya ba. Na san in na goga zan ji abin da ba ni son ji.

Kwana tara na yi ina saƙa. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan rigar ba, kuma ban sake ba. Na yi mata hannu, na yi mata wuya, na saki gindinta ya sauko har gwiwa don kar sanyi ya shige shi. Na naɗe ta na tafi gidanmu da sunan gaisuwa. Gwaggo tana zaune bisa tabarma tana kaɗi. Na ajiye rigar gabanta na ce, "Ga wannan, ko akwai wanda za ta yi wa." Ta ɗauka, ta duba saƙar ciki da waje, ta ce, "Hannunki ya faɗa." Sannan ta murza, ta kai wuya, ta ajiye.

"Ina abawar da na aiko maki?"

"Tana nan, Gwaggo."

"Wannan ba auduga ba ce."

"Auduga ce, ta Turawa. Mai kayan ya rantse mani."

"Ko limamin gari ya rantse, ba auduga ba ce. Ban san ko mene ne ba, amma bai fito daga ƙasa ba. Abin da ban sani ba kuwa ba ni sa wa yaro."

Raina ya ɓaci. Kwana tara, da duk abin da ban iya faɗa da baki ba na zuba cikin rigar nan, ta ture da magana ɗaya. Sai na buɗe baki na ce wa matar da ta goya ni, ta yi mani tsarki, ta tauna ta ba ni, "Gwaggo, ke komai ba ki sani ba sai ki ce ba shi da kyau. Duniya ta ci gaba. Wa ke sa wa ɗanshi wannan zaren ƙauye naki yanzu?" Mazarin ya tsaya. Ba ta dube ni ba. Ta tashi, ta ɗauki rigar, ta shiga ɗaki ta sa ta cikin ƙwaryar da ke bisa ragaya, ta fito ta ci gaba da kaɗinta. Na yi sallama, ta amsa a ciki.

Bayan kwana uku na koma da sassafe, na riƙo kunu don in sami abin cewa. Sanyi ranar har cikin ƙashi. An hura wutar kara a tsakar gida, kamar yadda ake yi wa yara su ji ɗumi. Gwaggo tana ɗaki tana lazimi, matan gidan sun tafi rijiya. Ga yaron nan zaune shi kaɗai nesa kaɗan da wutar, cikin wata 'yar rigar saƙi mai kauri. Ya gan ni ya miƙo hannu. Na waiga, babu kowa. Na laɓaɓa ta bayan Gwaggo na zaro jar rigar daga ƙwarya, na cire mashi ta jikinshi na sa mashi tawa. Ta yi mashi cif. Na rungume shi, na shaƙi ƙanshin kanshi, abin da ban taɓa yi da rana tsaka ba. Sai na ji muryar mata a zaure sun dawo, na sake shi da sauri na yi can wajen madafa ina juya kunu kamar ban san da shi ba.

Ban ga yadda aka yi ba. Waɗanda suka shigo sun ce ya tashi yana rawa yana duba rigar, ya duƙa zai ɗauki wani kara mai wuta a baki, gindin rigar ya taɓa. Ni ƙara kawai na ji, irin wadda uwa ba ta mantawa. Na juyo na ga wuta ta haye shi daga gwiwa zuwa ƙirji kamar an zuba kananzir, da baƙin hayaƙi. Ban ruga ba. Numfashi ɗaya ne ko biyu, amma na tsaya, kuma na san na tsaya. Gwaggo ce ta fito daga ɗaki da tasbaha a wuya, ta faɗa mashi. Ta kama rigar za ta yage, rigar ta ƙi yagewa, sai miƙewa take kamar danƙo tana manne wa fatarshi. Auduga ma tana cin wuta, ban ce ba ta ci ba, amma takan zama toka ta zube. Wannan narkewa take tana bin jiki. Gwaggo ta sa yatsunta cikin narkakken abin nan tana ɓamɓara tana jefarwa, tana ɓamɓara tana jefarwa, har ta fidda shi, ta ɗauke shi ta tsoma cikin randa. Sai da aka karɓe shi daga hannunta muka ga hannun. Babban yatsa da manuni da na tsakiya na dama, waɗanda take murza mazari da su, baƙin abin nan ya naɗe su ya daskare.

A gidan likita an yi mamu iyakar ƙoƙari. Yaron ya yi wata biyu kwance, Allah ya yi da sauran kwananshi. Tabon yana nan daga ƙirji zuwa ƙarƙashin kunnen hagu, shi ya sa har yau ko ana zafi yake ɓalle maɓallin wuya. Wata biyun nan na manta da wata kunyar ɗan fari, na zauna gindin gadonshi gaban kowa, babu kuma wanda ya ce mani don me. Da ya fara tashi zaune, na ɗauki abin da ya rage na rigar, wani ƙullutu baƙi mai ɗan ja a gefe, na tafi kasuwa. Mai tebur yana nan da gemunshi. Na ajiye mashi bisa kayanshi na ce, "Baba, ga audugarka ta Turawa." Ya duba, ya ture da bayan hannu ya ce, "Ni ma haka aka sayar mani. Ke wa ya ce ki kai yaro bakin wuta?" Ban san lokacin da na kifar da teburin ba. Zare ya watse yana birgima cikin ƙasa, mutane suka riƙe ni, aka aika aka kira maigidana. Da yamma dattawa suka zauna a zauren gidanmu. Suka ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa, mace ba ta tada hankalin kasuwa. Ni aka sa na je na durƙusa na ba mutumin nan haƙuri. Ni! Na yi imani da ƙaddara, da ita zan mutu. Amma ƙaddara ba ita ta ce mani wallahi ba, mutum ne ya ce, da bakinshi. Shi babu wanda ya ce ya taka ya je ya duba yaron ko tsohuwar. Kasuwa ta zagayo ya sake shimfiɗa kayanshi, mata suka sake yin layi, har da waɗanda suka zo mamu jaje.

Yatsun Gwaggo sun warke, amma sun ƙanƙance sun lanƙwashe, fatarsu ta yi sumul tana sheƙi, ba ta jin komai da su. Wata la'asar ina wurin ta fiddo mazari, ta tsoma yatsu cikin alli, ta murza. Ya faɗi. Ta ɗauka ta sake, ya faɗi. Na uku ya mirgina har bakin ƙafata. Ta ce, "Miƙo mani." Na miƙa. Ta naɗe shi cikin tsumma ta sa ƙarƙashin gado. Masaƙa suka yi ta zuwa tana cewa su nemi wata. Tsohon nan na Gabi ya zo da jakinshi, ya ga hannun, ya sauke kwandon ya bar mata ya tafi. Ban ce rigata ce ta kashe kaɗi a garin nan ba. Masunta sun koma wa komar roba, yadi na kanti ya cika kasuwa, maza suka ga auduga ba ta da mai saye suka daina shukawa, kowa ya sa hannu. Amma hannun da ya fi kowane iyawa, ni na san abin da ya tsai da shi.

Daga baya ni na je na zaro mazarin na zauna gabanta na ce ta koya mani. Ta ce, "Yanzu?" Na ce yanzu. Kullum la'asar ina can, da goyo da ciki. Sai dai da tana nuna mani ban duba ba, yanzu ina dubawa ba ta da abin nunawa. Da baki kawai take faɗa, saki kaɗan, murza, ɗaga hannu, kuma akwai abin da yatsa ya sani wanda baki ba ya iya faɗa. In na kaɗa sai ta karɓa ta ja zaren bisa leɓenta na ƙasa, don nan ne ya rage mata wurin ji, ta ce, "Da saura." Damina biyu ta wuce kafin ta ce, "Wannan ya yi a sa wa yaro." Siririn zaren da masaƙa ke jira kuwa ban taɓa kai wa gare shi ba, ya tafi da ita. Da abawata na saƙa wa sauran ɗiyana duk abin da suka sa, ana yi mani dariya a fwaye har aka gaji. Yanzu nawa yatsun sun yi tauri, audugar ma babu inda zan samo ta. Matan unguwa kan kawo mani jarirai wuyansu duk ƙuraje, an naɗe su cikin roba tun daga kai har ƙafa suna zufa, wai in gaya masu magani. In na ce a cire masu wannan kayan, sai uwar ta ce ai shi ake yayi.

Duk shekarun nan ni da Gwaggo ba mu taɓa tada maganar ranar nan ba. Ba ta taɓa cewa ai na gaya maki ba, ko sau ɗaya, kuma da ta faɗa da ya fi mani sauƙi. Sai da ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Wata hantsi ina yi mata fifita, ɗakin babu kowa, na ce, "Gwaggo, ki yafe mani yatsunki."

Ta ɗaga hannun ta dube shi kamar na wani. Ta ce, "Waɗannan? Ba ke kika karɓa ba, ni na bayar. Da wutar ta nemi hannun duka da na ba ta."

Na ce, "To ki yafe mani maganar da na gaya maki."

Ta sauke hannun. Can ta ce, "Ta zaren ƙauye?"

Na ce, "Ita."

Ta ce, "Wannan kam ta fi wutar zafi. Wutar wata biyu ta yi ta huce." Ta juya fuska wajen bango. "Na yafe maki. Tashi ki dama mani kunu, kar ki cika tsamiya."

Na dama na kawo, ta sha ludayi biyu. Kwana uku bayan nan aka kai ta.

Ɗiyana suna cewa tsufa ne ya sa ni faɗa, wai in riƙa haƙuri da mutane, kwana nawa ya rage. Su ba su sani ba. Dattawan zaure sun mutu, mai tebur ya mutu, na kuma yi masu addu'a kamar yadda ake yi wa kowane mamaci, ko da ba ta fita da daɗi ba. Mutum ɗaya ce na kasa yafe wa. In na tuna yarinyar nan da ta tsaya a tsakar gida da jar riga, ta dubi tsohuwar da ta rene ta ta ce mata zaren ƙauye, har gobe tafin hannuna ƙaiƙayi yake in ɗauke ta da mari.